Wurno A Littafin Abdulkarim Bature

Cikin littattafan da Turawa matafiya suka rubuta a kan ƙasarmu, kaɗan ne suka kai na Barth, Bajamushen nan da mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. An buga shi juzu'i 5, a shekarar 1857 da 1858. Abin da ya shafe mu yau shi ne wurin da ya ba da labarin Wurno. Muna so yaran makaranta na Shinaka da Goronyo da Rabah su auna shi, kada su haɗiye ba tauna.

Barth ya sauka Wurno a watan Afrilu na 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan Muhammadu Bello. Ya sake biyowa ta nan a 1854 bayan ya komo daga Tumbutu. Lalle ya cancanci yabo. Mutum ne mai lura, ya iya Larabci, yana jin Hausa, ba ya dogara ga tafinta kaɗai. Ya duba zaman garin bisa tudu, da fadamar Gulbin Rima a ƙarƙashinsa, da kasuwa da abin da ake saye a cikinta. Bai raina malamanmu ba: ya sadu da Abdulƙadir ɗan Tafa, ya shaida zurfin iliminsa. Irin waɗannan abubuwa na yau da kullum marubutanmu na dā ba su cika kula da su ba, don a wurinsu sanannu ne. Da bai rubuta ba, da yawansu sun ɓace.

Amma fa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Barth ya ga mutane cikin fargabar hari, ya ga Sarki yana fama da Gobirawa, sai ya ɗauka daular ta kama hanyar lalacewa, ya kuma zargi Aliyu da rashin kuzari. A nan muka rabu da shi. Tun farko Wurno ba garin hutu ba ne. Ribaɗi ne, watau sansanin tsaron iyaka, wanda Bello ya kafa don tare Gobirawa. Ya bar Sakkwato ya zauna can, can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. Wanda ya shiga ribaɗi ya tarar da shirin yaƙi, ai abin da aka gina garin dominsa ya gani. Bugu da ƙari, ya iso shekara 4 kacal bayan Kabawa sun tayar a 1849, lokacin da wuta ke ci gabas da yamma. Daular da ya zaci ta kusa faɗuwa kuwa sai da ta ƙara shekara 50, ba ta faɗi ba sai 1903.

To, yaya za mu yi da littafin? Abin da ya gani da idonsa mu karɓa, gani ya kori ji. Abin da ya hukunta kuwa mu ajiye shi gefe guda, mu gwada shi da rubutun mutanen gida, da abin da dattawa suka riƙe.

Saura aikinku, 'yan makaranta. Fadamar da Barth ya duba tana nan, ana noma shinkafa da albasa da tafarnuwa, ko da yake madatsar Goronyo ta sāke tafiyar ruwan. Amma ganuwa tana zaizayewa, tsofaffi suna ƙarewa. In an ba da hutu, ku tambaye su sunayen ƙofofi da unguwanni, da asalin waɗanda suka fara zama a kowace, ku rubuta da Hausa. In ba ku yi ba, jikokinku ba za su san garinsu ba sai ta bakin baƙo. Allah ya sa mu dace.