Ƙarfe ko Dabara? Nazarin Yabon da Ake Yi wa Fijo 504

A tashar Batsari da garejojin Safana, da duk majalisar da tsofaffin direbobi ke zama, akwai hukuncin da ba a cika ja da shi ba: wai tun da aka daina ƙera Fijo 504 ba a sake yin mota ba. Hujjar guda ce, ƙarfe. Waccan ƙarfe ce, na yanzu gwangwani ne. Ni kuwa ina ganin motar ta cancanci yabo, amma an yabe ta a inda ba nan darajarta take ba, kuma irin wannan yabo yana iya sa mutum ya zaɓi abin da zai cutar da shi.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, da taimakon gidan zane na Pininfarina da ke Italiya, ta kuma zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 masana'antar PAN ta fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma a shekarar ne wata 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Faransa ta ajiye ƙirarta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka. Motar da ta yi wannan daɗewa a kan hanyoyinmu ba a raina ta.

Sai dai sirrinta ba a kaurin ƙofa yake ba, a ƙarƙashinta yake. Tana da tsayi daga ƙasa, kuma tayoyinta suna da sararin hawa da sauka sosai, shi ya sa takan haɗiye rami ba tare da ta watsar da fasinja ba. Da tayoyin baya take ja, don haka idan aka danna mata buhunan rogo da dankali ranar kasuwar Batsari, nauyin yakan sauka daidai kan tayoyin da ke tura ta, sai ta ƙara kama ƙasa. An rufe farfelarta cikin bututun ƙarfe, yashi da dutse ba su cika isa gare ta ba. Wagon ɗinta kuma sifirin huɗu aka sa mata a baya, biyu kowane gefe. Duk wannan lissafi ne na masu ilmin ƙira. Wanda ya taƙaita shi a kalmar "ƙarfe" ya tauye wa motar haƙƙinta, kamar wanda ya yabi doki don nauyin sirdinsa.

Batun gwangwani shi ne ya fi damuna, domin nan rai yake. Ana nuna motar da gabanta ya murƙushe a haɗari, a ce ga shaida. Alhali da gangan aka yi ta haka. Tun farkon shekarun 1950 wani injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, ya yi rajistar dabarar cewa gaba da bayan mota su riƙa lanƙwashewa su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Ƙarfin karo ba ya ɓata. In ƙarfe bai shanye shi ba, ƙirji da wuyan mutum ne za su shanye. Mai fahariyar cewa motarsa ta fito daga karo ko fitila ba ta fasa ba, ya kamata a tambaye shi lafiyar waɗanda ke ciki.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ina girmama ta. Suna cewa 504 ba ta ɓoye ciwonta. Kabireta ce da filogi da kwantak. In ta tsaya tsakanin Ruma da Batsari, yaron mota zai hura, ya goge, ya ɗaure da waya, a ci gaba da tafiya. Motar injekta kuwa, da zarar ƙwaƙwalwarta ta rikice, sai a naɗe hannu a jira janwe daga Katsina. Gaskiya ne. Amma akwai abin da ake tsallakewa: sau nawa yaron motar nan yake sauka ya hura? Kabireta tana toshewa da ƙura, kwantak yana cinyewa, kullum ana cikin saiti. Injekta ba ta cika neman wannan ba, ga shi ba ta shan mai kamar waccan, abin da kowane direba ya ji a aljihunsa tun da aka cire tallafin mai a 2023. A da, tsayuwar rabin sa'a a gefen hanya hutu ne, a sha inuwa, a yi salla. Yau, a hanyoyin da suka yi iyaka da dajin Rugu, wajen Runka ko hanyar Jibiya, babu fasinjan da zai yarda cewa sauƙin gyara ya fi rashin tsayawa. Direbobin ma sun yanke hukunci da kuɗinsu: bakinsu yana yabon Fijo, hannunsu yana kan sitiyarin Golf.

To, ita Golf ɗin ba waliyyiya ba ce. Samfurin nan na uku da ya cika tashoshinmu ya fito a 1991, shi ma ya ci kyautar Turai a 1992, amma don kwaltar Jamus aka zana shi. Gajere ne, da tayoyin gaba yake ja. Idan aka loda bayansa har ya durƙusa, gaban yakan yi sama, ja da sarrafa sitiyari duka su ragu. Kanikawa kan ɗaga bayan da ƙarin roba ko sifirin wata motar, su magance durƙuso su ɓata daidaito. Kuma tsohuwa take iso mana, bayan ta gama ƙuruciyarta a hannun wasu. A nan masu kewar 504 suna da gaskiyar da ba su iya faɗa da kyau ba. Abin da suka rasa shi ne sabuwar mota da aka haɗa a Kaduna, wadda ƙirarta ta dace da hanyarsu da kayansu, kayan gyaranta kuma suna kowane shago.

Saura maganar ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke ɗauka tamkar tsafi. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da kafa iri ɗaya da ake jona na'urar gwaji, Turai ma ta bi sahu daga baya. Na'urar ba ta wuce girman tafin hannu ba, wasu da wayar salula ake karanta su, kuma motar da kanta take faɗin inda ke mata ciwo. Bakaniken da ya iya gane ciwon kabireta da kunne, karanta lambar da ta fito a allo ba zai gagare shi ba, in ya sami mai nuna masa. Wannan horo da wannan na'ura su ne ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa a Batsari da Safana su nema, domin Kakuri ba za ta sake fitar da 504 ba, waɗanda suka rage kuma ana cire kayan wata ne a rayar da wata.