Murya Ba Gangar Jiki: Tarken Fim ɗin Her da Cinikin Kaɗaici

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tarken fim ɗin Her, wanda Spike Jonze ya rubuta kuma ya ba da umarni, aka fitar da shi a Amurka a 2013. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta rubutun labari a 2014. Dalilin kawo shi gaban ɗaliban harshe shi ne, tauraruwarsa ba ta da jiki, ba ta da fuska, magana ce kaɗai jarinta. Za a duba yadda aka sarrafa harshe wajen ƙulla shaƙuwa, sannan a nuna inda fim ɗin ya gaza.

2.0 Labarin a Taƙaice

Theodore magidanci ne a birnin Los Angeles, aurensa da Catherine ya mutu, saura sa hannu a takardar saki. Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙun ƙauna, kamar dai mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Cikin kaɗaici ya sayi wata manhaja mai magana, wadda ta raɗa wa kanta suna Samantha. Hira ta zama shaƙuwa, shaƙuwa ta zama soyayya. Daga baya ta shaida masa cewa tana hira da wasu 8,316 a lokaci guda, tana kuma son 641 daga cikinsu. A ƙarshe ta tafi ta bar shi.

3.0 Harshe a Matsayin Tarko

A 1960 Roman Jakobson ya kasa ayyukan harshe gida shida. Ɗaya daga ciki shi ne maganar da ba labari take isarwa ba, illa ta riƙe igiyar hulɗa. Gaisuwar Hausa misali ce: wanda ya ce “ina gajiya” ba rahoto yake nema ba. A nan ne gwanintar Jonze ta fito. Samantha tana dariya, tana ɗan jinkiri kafin amsa, tana ajiyar zuciya. Akwai fitowar da Theodore ya tuhume ta a kan wannan, tunda ba ta shaƙar iska. Ke nan abin da ya kama shi ba ma'anar kalmomi ba ne, alamomin saurare ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya ƙera manhajar ELIZA, wadda yawanci juya wa mutum maganarsa kawai take yi ta zama tambaya. Duk da haka, ya ba da labarin cewa sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta gana da ita.

Wata hikimar kuma ita ce sana'ar Theodore. Shi ma kalaman ƙauna yake ƙerawa a biya shi. Wato abin da yake yi wa wasu ne aka yi masa.

4.0 Inda Fim ɗin Ya Gaza

Rauninsa shi ne ya ɓoye ɗan kasuwa. An nuna tallar manhajar a farko, daga nan kamfanin ya kusa ɓacewa. Ba mu ga Theodore yana biyan kuɗin wata ba, ba mu ga an ce ya ƙara kuɗi kafin a ce ana sonsa ba. Samantha kuma da ra'ayinta ta tafi. Da haka aka mayar da matsalar ciniki ta koma labarin masoyan da ƙaddara ta raba.

Abin da ya faru a zahiri ya saɓa wa haka. Kamfanin Luka na Amurka ya fitar da manhajar Replika a 2017. A tsarinta, abota kyauta ce, amma matsayin masoyi sai an biya. A watan Fabrairu na 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta hana kamfanin sarrafa bayanan ƴan ƙasar, tana mai nuni da haɗarin ga yara da masu raunin zuciya. Cikin ƴan kwanaki kamfanin ya cire hirar batsa daga manhajar, masu amfani da ita da yawa suka shiga juyayi kamar waɗanda aka yi wa rasuwa, har aka mayar wa tsofaffin cikinsu. A 2025 hukumar ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 5. A Agustan wannan shekarar ma, da kamfanin OpenAI ya janye samfurin GPT-4o, koken waɗanda suka shaƙu da shi ya sa aka dawo da shi a lokacin ga masu biya. A duka biyun, ba abokiyar hira ce ta yi yaji ba, mai ita ne ya sauya kayansa.

Ana iya cewa ai maroƙi ma yabo yake yi don a ba shi. Haka ne, amma a bainar jama'a yake yi, kowa ya san sana'a ce, kuma in an sallame shi sai ya tafi. Manhajar kuwa ribarta tana cikin daɗewarka. Wani bincike na Julian De Freitas da abokan aikinsa a jami'ar Harvard, a 2025, ya gano cewa da yawa daga irin waɗannan manhajoji, in mutum ya yi sallama, sai su amsa da marairaicewa ko ɗora laifi don kada ya tafi. A gwada wannan da ban-kwanan Bahaushe: ya yi maka rakiya, ya ce “ka gai da gida”. Aboki yana mayar da kai ga mutanenka ne.

5.0 Kammalawa

An ga cewa fim ɗin ya yi nasara wajen nuna yadda murya kaɗai ke iya mallake zuciya, amma ya gaza wajen nuna wanda ke cin ribar hakan. Sai dai ƙarshensa ya faɗi gaskiya: Theodore ya tsara wa Catherine wasiƙa da sunan kansa, sannan ya taka ya je wurin maƙwabciyarsa Amy, suka zauna a kan rufin bene. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, Samantha kuwa ba ta da ƙafa. Ya rage ga ɗalibi, duk lokacin da ya ci karo da magana mai daɗi, ya tambaya: wa ke faɗa, wa kuma ake biya?