Sharhi a kan Gayyar Kwamfuta: Daga Janeba zuwa Ƙofar Jatau

Abin da muke nufi da gayyar kwamfuta shi ne haɗa injunan cibiyoyi daban-daban, na nesa da na kusa, su taru a kan aiki guda wanda ya fi ƙarfin inji ɗaya, kamar yadda manoma kan taru a gonar mutum guda. Ian Foster da Carl Kesselman na Amurka, waɗanda suka shirya littafin da ya yayata wannan ra'ayi wajen 1998, sun kamanta tsarin da wutar lantarki, watau mai bukata ya jona kawai, ba ruwansa da inda aka samo ta. Amfaninsa ya tabbata, domin da irin wannan gayya ta cibiyoyi fiye da 150 masanan CERN a Janeba suka tace bayanan da suka kai su ga gano ƙwayar Higgs a 2012.

To, amma kamancen nan shi ne raunin ra'ayin a wurinmu. An gina shi a kan zaton cewa wuta ba ta yankewa, alhali kuwa a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu. An ƙaddamar da NgREN a 2014 don haɗa jami'o'in tarayya, amma igiyar sadarwa ba ta tayar da injin da ba wuta. Kafin mu kimtsa ma duniya ta karkata ga hayar injunan kamfanoni irin su Amazon, har aka daina kula da manhajar Globus Toolkit a 2018.

Akwai kuma abin da marubutan ba su auna da ma'auninmu ba, shi ne amana. Dukiyar da Zazzau za ta kawo wa gayyar ita ce rubuce-rubucen Larabci da Ajami da ke gidajen malaman birni, daga Kona har zuwa Ƙofar Jatau, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara tattarawa tun shekarun 1960. Tsarin gayyar ya tanadi takardar shaida ta tantance mai shiga tsakanin cibiya da cibiya. Magajin malami kuwa ba cibiya ba ne, kuma tambayarsa daban ce: in an ɗauki hoton littafin kakansa, wa zai karanta, a wace ƙasa, kuma da izinin wa? Sai jami'a ta zauna da masu littattafan an rubuta wannan sharaɗi tukuna, sa'an nan a yi zancen injuna.