Yawan mega ba shi ne saurin kyamara ba

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, inda teloli da masu surfani da 'yan yadi suka cika bakin titi, mai sayen waya ko kyamarar tsaron shago tambaya ɗaya ya saba yi: mega nawa ce? Da wuya ka ji wanda ya tambayi hoto nawa take ɗauka a sakan guda. A masana'antu kuwa, inda aka ɗora wa kyamara aikin duba yadi ko kwalabe suna wucewa a guje, wannan tambayar ce a kan gaba, kuma sau da yawa mega na ƙaruwa sauri na raguwa.

Tela ma zai iya gwadawa a shagonsa. Keken Juki DDL-8700 yana kaiwa ɗinki 5,500 a minti, wato allura na hawa da sauka kusan sau 92 a sakan. Bidiyon waya na yau da kullum hoto 30 ne a sakan. Ɗinki uku ke wucewa tsakanin hoto da hoto, in ɗaya ya tsallake kyamara ba ta da labari.

Haske ne ke fara taka wa kyamara birki. Kowane hoto sai an bar idonta a buɗe na ɗan lokaci. In lokacin ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, to ba za ta wuce hoto 100 ba, ko nawa aka saye ta. A rage lokacin, hoto ya yi duhu. Shi ya sa masana'antu ke kashe kuɗi a kan fitilun LED masu walƙawa daidai lokacin ɗauka. Ƙwan lantarkin shago ba ya wannan aiki, domin wutar Kamaru tana juyawa sau 50 a sakan, wasu ƙwayaye kuma na ƙyaftawa sau 100. Idon mutum ba ya lura, amma kyamara mai sauri sai ta kawo hoto ɗaya da haske, na gaba dishi-dishi.

Bayan haske sai kwashe hoton daga idon, wanda ake yi layi bayan layi. Yawan layuka, yawan jira. Masu sana'ar sukan yanke sama da ƙasan hoto su bar inda ake buƙata, nan take sauri ya ƙaru. Masu duba yadi sun fi kowa wayo a nan: kyamararsu layi ɗaya tak take gani, tana maimaita shi sau dubbai a sakan, yadin da ke tafiya shi ke haɗa hoton.

Amma inda aka fi tafka asara, a ganina, wayar da ke kai hoto kwamfuta ce. Hoton mega 5 marar launi nauyinsa megabait 5 ne. Tsarin GigE Vision na asali, wanda ya fito a 2006, ba ya wuce megabait 125 a sakan, a aikace ma bai kai haka ba. Ke nan hoto 23 ko 24 kawai zai wuce, ko da idon kyamarar na iya ninka hakan. Kamar juye ganga ne ta bakin buta. USB3 Vision na 2013 ya ninka wannan kamar sau uku, sai dai wayarsa 'yan mitoci ce, alhali ta GigE tana kai mita 100. CoaXPress ya fi su duka gudu, amma sai an saya wa kwamfuta kati na musamman. Kyamarar tsaro tana kauce wa matsalar ta hanyar matse bidiyo, abin da masana'antu ke gudu, don matsewa na iya shafe ɗan zaren da ake farauta.

Ko hoton ya iso lafiya, in kwamfuta ba ta gama duba na farko ba na biyu ya zo, layi ya taru, a fara zubar da hotuna.

Don haka duk telan da zai yi odar injin surfani ko na yankan yadi mai kyamara, daga Dubai ne ko daga Guangzhou, ya sa dillali ya rubuta masa hoto nawa take ɗauka a sakan a cikakken girmanta, da wace waya, kuma a wane haske.