Ƙidayar Ambato da Darajar Bincike: Tsokaci a Kan Maƙalar Knudson ta 1971

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a jami'o'i, watau auna darajar mai bincike da yawan waɗanda suka ambaci rubuce-rubucensa. Wannan lissafi ya samu gindin zama tun da Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato a 1964. Misalin da muka ɗauka shi ne na Alfred Knudson, likitan yara ɗan Amurka, wanda ya rasu a 2016, da maƙalarsa ta 1971 a kan sankarar ido ta ƙananan yara, wadda likitoci ke kira ritinobilastoma.

Maƙalar shafi 4 ce kacal, kuma ba a yi wani gwaji a ɗakin bincike dominta ba. Knudson ya duba bayanan yara 48 da aka yi wa magani a Hustan ta Jihar Tekzas, ya haɗa da rahotannin magabata. Ya lura cewa yaran da ciwon ya kama musu ido biyu sukan kamu tun suna jarirai, waɗanda kuwa ya kama wa ido ɗaya galibi sai sun ɗan tasa. Daga nan ya kafa ra'in bugu biyu, watau sai ƙwayar halitta ta samu lahani sau biyu kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Yaron da ya gaji lahani na farko saura masa ɗaya, shi ya sa ciwon ke riskarsa da wuri. Wanda bai gada ba kuwa sai duka biyun sun afka wa ƙwaya guda. Haƙiƙa wannan hange ne mai zurfi, ba mu da ja a kansa.

Inda muke da ja shi ne yadda ake ambaton maƙalar. Da yawa sukan kafa hujja da ita a kan cewa lahanin biyu suna faɗa wa kwafi biyu na ƙwayar gado ɗaya, wadda aikinta shi ne danne sankara. Amma fa duk wanda ya karanta shafukan nan huɗu a tsanake zai ga ba ta yanke wannan hukunci ba. David Comings ne ya shimfiɗa bayanin a 1973, sa'an nan Webster Cavenee da abokan aikinsa suka kawo shaida daga kuromosom na 13 a 1983. Ita kanta ƙwayar gadon, RB1, sai a 1986 Stephen Friend da Thaddeus Dryja da Robert Weinberg da sauransu suka tsamo ta, shekara 15 ke nan bayan maƙalar. Ashe wani kaso na dubban ambaton da ake lissafa wa Knudson, a gaskiya haƙƙin wasu ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba laifinsa ba ne. Laifin masu kwafo suna daga jerin manazarta na wasu ne, ba tare da sun buɗe asalin ba. Mu kanmu malamai mun san wannan ɗabi'a, tun da muna ganinta a kundayen ɗalibanmu, wani lokaci har a namu.

Bugu da ƙari, ƙidaya ba ta bambanta mai yarda da mai suka. A 2013 Diane Rushlow da abokan aikinta suka bayyana wani ɗan rukuni na jarirai masu wannan sankara a ido ɗaya, alhali RB1 ɗinsu lafiya lau, illa dai wata ƙwayar gado mai suna MYCN ce ta ninninka. Wannan bincike ya rage wa ra'in bugu biyu faɗi, amma a wurin mai ƙidaya, duk wanda ya ambaci Knudson don ya nuna wannan togaciya, ƙarin maki ɗaya ya ba shi.