Jinjina ga masu tono tsofaffin waƙoƙi a rediyon Agadas

Da dare, in zafi ya sauka a Agadas, ka bi ta lungunan tsohon gari kusa da dogon masallaci. Za ka tarar da maƙerin azurfa ya ajiye guduma, butar shayi na kan gawayi, ƙaramar rediyo na jingine da bango. Kukan anzad ne ke fita, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da matan Abzinawa ke kaɗawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013. Kowa ya yi tsit.

Mai gabatar da shirin nake yi wa jinjina. Wahalarsa ba a ganinta. Shi ke bin gidajen dattawa yana roƙon aron kaset ɗin da ƙura ta cinye, ya warware zaren da ya cukurkuɗe da tsinken biro, ya tambayi wa ya rera, wane sarki aka yi wa, a wane biki. Sannan ya zo ya bayyana da Hausa da Tamajak, don yaron da ya tashi da gitar Bombino ya san inda aka faro.

Masu saurare kuwa ba sa raga masa. Ya kuskure sunan makaɗi, nan take wani tsoho zai bugo waya ya gyara. Wata ta ce a ƙara kiɗan tende, wani ya ce algaita da kakakin fadar Sarkin Abzin yake so, wani kuma waƙoƙin Ɗan Gurmu. Duk ya haɗiye, ya gode.

Mai tsohon kaset a akwati, don Allah ka kai gidan rediyon kafin ya lalace.