Kasuwar Kurmi Ta Cika Min Ɗaki

Shekara biyu ke nan rabon da in shiga babban shagon kayan ɗaki da zumuɗi. Ina shiga dai, in sayi ƙwan fitila ko ƙarfen labule, in fito. Amma a ce min gobe za a je Kasuwar Kurmi, wallahi tun da dare nake fara lissafin rumfunan da zan bi. Kusan duk abin da ya sa nake jin daɗin zama a falona daga can ya fito, ko daga marinar Ƙofar Mata. Ga mai son ƙawata gida da aikin hannu, ni ban ga kasuwar da ta kama ƙafarta ba.

Kurmi ba ta yi wa kowa kwalliya. Lungunanta matsattsu ne, wani wurin sai kin raɓe da bango kafin mai baro ya wuce, da damina kuma ga caɓi. Amma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, take ci a nan gefen Jakara, a da can ayarin raƙuma suna sauke kayan arewa suna ɗaukar fata da rinannen tufafi su tsallaka Sahara. Hanci ne zai yi miki jagora. Ƙamshin kanumfari da citta zai fara tarbarki, sai na turaren wuta, can gaba kuma ki ji wannan warin fata mai nauyi. Da kin ji shi, kin iso wurin dukawa.

A nan na haɗu da timtim ɗin da ya fara sauya min tunani. Wani dattijon baduku ne zaune a kan buzu, ɗan allo a cinyarsa, aska da basilla a gefe. Na fi minti ashirin a tsaye ina kallonsa, bai ɗago ba. Yana yanka fata siri-siri kamar zare, ya huda, ya zura, ya ja, ya danna da babban yatsa, ya sake hudawa. Ba ma'auni, ba zane a takarda. A tsakiyar jar fatar dagi yana fitowa a hankali, fari da baƙi da kore, kowace kusurwa ta yi daidai da 'yar'uwarta. Yatsunsa sun rine har cikin farce.

“Baba, sannu da aiki. Wannan na sayarwa ne?”

“Yauwa 'yata. Wannan da mai shi. Ga ƙanensa can a rataye, sauko da shi ki gani.”

Na sauko da shi. Laushinsa kawai ya isa! Fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su, alhali a ƙasarmu aka kiwata akuyar, majemanmu suka jeme ta da bagaruwa. Jan launin daga karan dafi ake samo shi, baƙin kuma kuloko ne. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya yi murmushi ya sake cewa albarka. A karo na uku ya ce, “Na sallama, Allah ya sa ki more shi.” Na kuwa more. Ba a cike ake sayar da shi ba, a ninke za ki taho da shi. Na cusa masa tsofaffin zannuwa a ƙasa don ya yi nauyi, audugar rimi a sama don ya yi taushi, na bar shi kwana uku a baranda ya sha iska. Yanzu guda uku gare ni. Baƙo ya shigo, ga kujerun kushin a jere, amma sai ki ga ya zame ya sauka kan kafet ya jingina da timtim. Da hunturu nakan ɗan shafa musu man kaɗe kada su bushe su tsage, iyakar hidimarsu ke nan.

Sai faya-fayai. Kai, faya-fayai! A gidanmu faifai murfin ƙwarya ne, abin bakace ne, abin fifita wuta ne. Ban taɓa kallonsa da idon ado ba sai ranar da na ga an baza su da yawa a gaban wata rumfa, rana tana dukansu. Wani an rina kabarsa da galura ja da shuɗiya, wani rawaya da kore kamar gonar gero da kaka, wani kuwa ba rini ko kaɗan, farin kaba ne zalla amma saƙar ta yi ƙanana har ba ki ganin inda aka soma. Mata ne suke saƙa su a cikin gida, daga cibiya su yi ta zagayawa zuwa baki, kowace da hannunta, shi ya sa ba za ki sami biyu iri ɗaya sak ba. Na zaɓi goma sha ɗaya, manya da ƙanana. A bangon da ke bayan doguwar kujera na kafa su, ban jera su a layi ba. Babban na sa shi ɗan gefe, sauran suka bi shi suna hawa sama kamar tsuntsaye sun tashi. Da yamma idan hasken taga ya faɗo a kansu, kowane zagaye na saƙar yana yin 'yar inuwarsa. Na sha ajiye waya in zauna ina kallon bangon nan kawai.

Wata ƙawata ta ce min ai wannan salon haɗa-haɗen kaya na Turawa ne, a Instagram aka gano shi. Ban yarda ba, kuma har gobe ba zan yarda ba, domin na girma ina kallon ɗakin kakata. Duk wadda ta ga jeren da, ta san abin da nake nufi. Daga ƙasa har kusa da rufi kwanuka ne, fanteka a ƙasa, samira da langa a kai, wasu masu furanni da aka yi a ƙasashen da Kaka ba ta taɓa jin sunansu ba, kusa da su tasoshi tana goge su da toka har su ɗauki ido, ga ƙore masu zane, ga akushi baƙi wuluk, ga faifai a kan kowane. Kayan kanti da kayan hannu, na nesa da na gida, duk a bango ɗaya, kuma ba wanda ya ture wani. Ranar jeren amarya gwaggwanni da innoni sukan wuni suna ɗorawa suna saukewa, wannan ta ce a matsar da shi, waccan ta ce launinsa bai hau da na kusa ba. In ba gwanintar tsara ɗaki ba, mene ne sunan wannan? Daga baya ne muka koma sayen komai saiti guda, labule da kujera da kafet launi ɗaya, ɗakin wance ya zama ɗakin wance. Abin da Kurmi ta dawo min da shi idon Kaka ne. Talabijin ɗina yana nan, firij yana nan, kujerun zamani suna nan. Na dai ba su maƙwabta.

Babban maƙwabcinsu shuɗin zane ne daga Ƙofar Mata. Marinar tana da allo a ƙofa da ke cewa tun 1498 ake rini a wurin, kuma Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda rinannen tufafin garin ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Karofi da yawa sun bushe yanzu, abin da ke sosa min rai duk zuwan da na yi. Amma waɗanda ke raye suna aiki yadda aka gada, baba da toka da ruwa, a bar su su tsima kwana da kwanaki. Ki tsaya ki ga marini ya tsoma farin yadi ya ɗago. Ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne. A gaban idonki iska za ta taɓa shi ya fara juyawa, ya tsoma, ya ɗago, ya tsoma, ya ɗago, shuɗin yana ƙara zurfi har ya kusa zama baƙi. Mata ne suke ƙulla yadin da zare a gida kafin a kawo, inda aka ƙulle rini ba ya shiga. Da aka warware nawa aka baza, sai ga fararen zobba sun bazu a kai kamar taurari a daren da babu wata. Na ji tsigar jikina ta tashi. A gefe kuma mabuga suna ta dukan shadda da manyan sanduna a kan gungume, tim, tim, tim, har ta yi sheƙi.

Zanen nan ban ɗinka shi ba. Na sa kafinta ya yi min firam na katako, muka ɗame shi a kai, ya cika bangon wurin cin abinci. Ragowar na yi rigunan filo huɗu. Shawara ɗaya: baba yana zuba a farko. Ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku kafin ki ɗora shi a kan farar kujera, kuma kada ki kafa shi inda rana ke duka kullum.

Akwai ƙananan abubuwa da ba zan tsaya a kansu ba. Farantin tagulla na Bidda da nake ɗora kofunan shayi. Tsakiyar gilashi ta mutanen Masaga, su ma na Bidda, waɗanda ke narka kwalabe su mayar da su abin ado, na zuba su a ƙaramin koko a kan tebur. Luru mai ratsin fari da baƙi a hannun kujera, da sanyi a ja a rufa. Kujera 'yar tsuguno da ta zama mazaunin tukunyar fure. Tulu ɗaya ne ba a Kano na saya ba, daga Ushafa na taho da shi, aikin matan Gbagyi, dangin sana'ar Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan naira 20.

Kurmi ma ba a rasa abin ƙorafi. Kayan roba masu kama da fata sun shigo, an buga musu dagi da inji, wasu faya-fayan kuma da zaren leda aka saƙa su. Ki juya abu ki duba bayansa, ki shinshina. Fatar gaske tana da wari, bayanta yana da gashi-gashi, ɗinkin hannu kuma ba ya tafiya daidai kamar na keke. Idan kin sami na gasken, don Allah kada ki matse mai shi a ciniki har ya sallama da ɓacin rai. Kwanaki ya yi a kan abin nan.

Wanda na fi ƙauna a ɗakin duka ban saye shi ba. Ƙwaryar Kaka ce, babba, an ƙona mata zane da wuƙa mai zafi, ta tsage tun daga baki har kusan gindi, shekaru tana cikin buhu a sito. Dattijon badukun nan na yi wa zancenta, ya ce, “'Yata, ai gyartai bai ƙare ba,” ya kwatanta min inda zan sami wani. Mutumin ya karɓe ta da hannu biyu, ya huda ƙananan ramuka a gefe da gefen tsagar, ya ɗinke ta tsaf, ɗinkin ya kwanta kamar kitso. Na ɗora ta a saman kantar littattafai, na juyo ɗinkin yana kallon ƙofa. Ranar da mahaifiyata ta zo, tun daga bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce, “Wannan ba ƙwaryar furar Inna ba ce?” Ta sa aka sauko mata da ita, ta zauna a kan timtim ta riƙe ta a cinya, tana bin zanen da yatsa, har shayinta ya huce.